Fam 80 don kallon balbela: yinina da masu kai baƙi kallon tsuntsaye a Norfolk

Tun da na dawo daga Ingila 'yan majalisarmu ta bakin masallaci a Tudun Wada ba su bar ni na sha ruwa ba. Wai dattijo da furfurarsa ya tsallaka teku, an biya masa kuɗin buhun shinkafa biyu, don ya je ya kalli balbela. Ban musa ba, na kalli balbela, kuma zan zo kanta. Amma da yake yanzu da wuya ka bi layi a Kaduna ba ka sami gidan da ɗansu ko 'yarsu ke aikin asibiti a can ba, iyaye kuma in sun je ziyara sai su ƙare a kan kujera gaban talabijin wata guda cur, na ga gara in rubuta yadda abin yake, da daɗinsa da takaicinsa, ko wani zai gwada.

'Yata Ummi, wadda ta ci sunan mahaifiyata, ma'aikaciyar jinya ce a garin King's Lynn da ke yankin Norfolk a gabashin ƙasar. Na je mata a watan Mayu. Sati biyu na farko ban san komai ba sai hanyar masallaci da kantin kayan miya. Da safe in ta fita aiki sai in ja kujera bakin taga ina kallon wasu 'yan tsuntsaye da maƙwabciyarta ke zuba wa hatsi a wani gwangwani da ta rataya a bishiya. Ashe Ummi na lura. Ranar nan ta dawo ta ce, "Baba, ranar Asabar ba ka da zaman gida, na yi mana rajistar wani abu." Ƙaramin kamfani ne na mata da miji, da mota ɗaya mai cin mutum takwas, suna ɗaukar baƙi su yini da su a gaɓar tekun arewacin Norfolk suna nuna musu tsuntsaye da namun daji. Fam 80 kowane mutum. Ba zan faɗi sunansu ba, don ina da ƙorafi a kansu, kuma irinsu suna da yawa a yankin.

Ƙorafin farko lokaci ne. An ce ƙarfe bakwai da rabi, motar ba ta iso ba sai takwas da minti biyar. Na yi shekara 33 ina aikin jirgin ƙasa, na san wani zai ce jirginmu ma yaushe ya taɓa zuwa kan lokaci. To ai shi ya sa na san zafin abin. Kuma a wannan harka safiya ita ce kasuwa. A watan Mayu rana na fitowa a can tun wajen ƙarfe biyar, tsuntsaye kuma da sanyin safiya suka fi kuka. Minti talatin da biyar ɗin nan sai da muka biya su da yamma.

Mijin ne direba, ba ya magana sai an tambaye shi. Matar ita ce jagora, za ta haura sittin, tsohuwar malamar makaranta, gajeriya, da takalmin roba har gwiwa. In har kuɗin nan ya halatta, to saboda ita ne.

Mun fara da wani wuri da ake kira Titchwell, fadama ce a bakin teku wadda ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ta saya a 1973. Ita ƙungiyar tun 1889 take, kuma mata ne suka kafa ta don yaƙi da kashe tsuntsaye da ake yi ana ƙawata huluna da gashinsu. Hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya daga wurin ajiye motoci zuwa teku, kamar kilomita guda, babu hawa babu gangara, wanda gwiwata ta gode. Za ka fara ratsa 'yan bishiyoyi, sai dajin wata doguwar ciyawar ruwa mai kama da kyauro, sai tafkin ruwan daɗi, sai fadamar gishiri, sai rairayi da teku. A gefen hanya an gina ɗakuna masu dogayen tagogi, ka shiga ka zauna a benci ka leƙa, tsuntsu bai san kana nan ba. Ciki shiru kamar ana jiran liman ya tayar da salla. Wayata ta yi ƙara sau ɗaya, Hajiya ce daga Kaduna, kallon da aka yi mini bai sa na bari ta sake ba.

Kafin mu kai ɗakin farko matar nan ta tsaya cak, ta ɗaga yatsa. Ni ban ji komai ba sai iska. Ta ce mu saurari ɓangaren hagu. Can sai na tsinkayi wani surutu mai kaushi, ba tsayawa ba numfashi, kamar tela na gudu da tsohon keken ɗinki. Ta kafa babban madubinta na hangen nesa mai ƙafa uku, ta juya shi sau biyu, ta ce in sa ido. Sai ga wani ɗan mitsitsin tsuntsu ruwan ƙasa, da farin layi a saman ido kamar an ja masa alli, ya maƙale a karan ciyawa, maƙogwaronsa na rawa, cikin bakinsa ja-ja. Ta ce nauyinsa bai fi giram 12 ba. Sannan ta tambaye ni daga ina nake. Na ce Nijeriya, Kaduna. Ta ce ba ta san Kaduna ba, amma ta san Nguru.

Na ɗauka ban ji daidai ba. Baturiya a ƙauyen Ingila, ba ta san Kaduna ba, ta san Nguru! Ni kuwa na san Nguru a matsayin ƙarshen layin dogo, can jirgi ke juyawa. Ita ta san ta ne saboda dausayin Haɗeja da Nguru, inda ta ce irin wannan ɗan tsuntsun da miliyoyin 'yan uwansa ke zuwa cin rani, su da Tafkin Cadi da sauran fadamun kudu da Sahara. Wato wanda nake kallo bai fi sati uku da tsallako hamada ba. Ta ba ni labarin wani ɗan uwansa mai farin wuya: a bazarar 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka wayi gari kusan kashi uku cikin huɗu ba su dawo ba. Aka yi ta neman dalili a gida ba a samu ba, daga baya aka gane fari ne ya fara a yankin Sahel, suka mutu a hanya. Na yi shiru. Farin nan ina saurayi ya kai ƙarshen muninsa, 1973, ina tuna Buzaye da suka cika tasha da 'ya'yansu ba raƙumi ba akuya. Ban taɓa kawowa a raina cewa har a wata fadama a Turai an ji shi ba.

Daga nan ta mai da ni kamar wani babban baƙo. Duk tsuntsun da ya fito daga wajenmu sai ta juyo ta ce, "Ga naku." Tsattsewa, ga naku. Wasu fararen tsuntsayen teku masu baƙar hula da ke faɗawa ruwa da ka, su ma a gaɓar Afirka ta Yamma suke cin rani. Wani baƙi mai fukafukai kamar lauje, wanda ta ce yana iya wata goma a sama bai sauka ba, a can yake ci a can yake barci. Na ce Allah mai iko.

Wanda suka fi ji da shi a wurin ban gan shi ba, jin sa kawai na yi. Suna kiran sa bitan, dangin zalɓe ne, yana ɓuya cikin ciyawar nan. Kukan namijin kamar yaro ya hura bakin babbar kwalba, wani gurnani mai zurfi da ka fi ji a ƙirji fiye da kunne. Sau uku ya yi. Wani tsoho a cikinmu har da share hawaye. A 1997 maza 11 kacal aka ji suna wannan kuka a duk faɗin Birtaniya, saboda an busar da fadamu an mai da su gonaki. Aka koma ana haƙa tafkuna ana dasa ciyawar, yanzu sun haura 200. Abin ya ba ni dariya a ciki: mutanen Haɗeja kuka suke da kacala ta cinye musu hanyoyin ruwa da gonaki, ga wasu nan suna kashe kuɗi don su samu dajin ciyawa. Hoton bitan ne a gaban tallan kamfanin, amma ban riƙe su da wannan ba. Tsuntsu ba ma'aikacinsu ba ne.

Akwai kuma wani fari da baƙi mai dogayen ƙafafu da siririn baki da ya lanƙwashe sama, shi ne tambarin RSPB. Ya ɓace daga ƙasar kusan shekara ɗari, ya dawo a 1947 bayan an cika wasu filayen gaɓa da ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu don tare abokan gaba. Kyakkyawa ne, amma masifaffe, duk wanda ya matso kusa da sheƙarsa sai ya bi shi da sara. Na fi jin daɗin wani mai kama da shirwa da muka gani: namijin ya taho da ɓera a ƙafa, macen ta taso daga cikin ciyawa, ta juya rigingine a iska, ya saki, ta cafe. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba.

A hanyar komawa mota muka ji kuku. Ba mai dafa abinci ba, tsuntsu ne, sunansa kukansa: ku-ku, ku-ku. Ba ya gina sheƙa, macen takan saci jiki ta saka ƙwanta a sheƙar wani ƙaramin tsuntsu, ɗan ya ƙyanƙyashe ya ture 'ya'yan gida waje, masu gida su yi ta wahalar ciyar da ƙaton da ya ninka su. Na gaya wa jagorar cewa mu ma muna da kirarin hankaka, mai da ɗan wani naka. Ta sa Ummi ta fassara mata sau biyu, ta fito da ɗan littafi ta rubuta. Ta ce ai akwai wani nau'in kuku a Afirka da ke saka ƙwai a sheƙar hankaka, wataƙila abin da kakanninmu suka gani ke nan. Tun 2011 masu bincike a garin Thetford, nan cikin Norfolk, ke ɗaura wa kuku 'yar na'ura a baya suna bin sa ta tauraron ɗan adam, suka gano dazukan Kwango yake zuwa, kuma in zai dawo yakan biyo ta Afirka ta Yamma ya yi ƙiba kafin ya fuskanci hamada.

Yanzu ga balbela. Muna tafe a mota kusa da Holkham, inda shanu ke kiwo a wata shimfiɗaɗɗiyar fadama, sai jagorar ta daki kafaɗar mijinta. Ya taka birki. Kowa ya rarumi madubinsa, ana ta raɗa, ana sauka a hankali kamar za a kama ɓarawo. Na ce yau za a ga abin mamaki. Na ɗaga nawa madubin, na bi inda yatsu ke nunawa, sai ga balbela guda biyu suna bin wata saniya suna tsintar ƙwari. Balbela dai, irin wadda ke cika bayan mahautar Tudun Wada har yara na jifa. Na sauke madubin na kalli Ummi, ta toshe baki da gyale. Wata mata ta juyo idonta na ƙyalli ta ce mini ba ƙaramar sa'a muka taka ba. Na ce ƙwarai kuwa. Ashe baƙuwa ce a wajensu, sai a 2008 ta fara yin ƙwai a Ingila, kuma har yanzu ganin ta labari ne. Da na ce a garinmu nakan ga ɗari kafin in karya kumallo, sai suka kewaye ni da tambaya, a ina suke kwana, wane wata suke yin gashin kai ruwan goro. Kunya ta kama ni. Shekara saba'in ina tare da balbela, ko ɗaya ban iya amsawa ba.

Abincin rana ne babban laifinsu. A takardar rajista akwai gurbin abin da mutum ba ya ci, Ummi ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa mu Musulmi ne, ba naman alade, ba giya. Da aka buɗe akwatin abinci, burodi ne da naman alade a tsakiya, takwas reras. Mijin ya ce shi ya haɗa, bai duba takardar ba. Ya ba da haƙuri, matar fuskarta ta yi ja, ta miƙo mana nata tuffa da wani guntun cuku da biskit. Da wannan da shayin filas muka yini. Haƙurin na karɓa, amma wanda ya karɓi fam 160 daga hannun mutum biyu ya kamata ya karanta layi ɗaya. In za ka je, dafa ƙwanka ka soya 'yar kazarka ka tafi da ita, kada ka dogara da gurbin takarda. Ka kuma sa gorar ruwa a jaka don alwala da kama ruwa, ban ga buta ko ɗaya ba a duk gaɓar.

Salla kuwa ba su ba ni matsala ba. Da na ce lokacin azahar ya yi, matar ta nuna mini bayan wata katangar dutse inda iska ba ta bugawa, ta duba wayarta ta nuna mini kudu maso gabas, ta ja sauran ta tafi nuna musu wani zomo. Wannan na yaba.

Iskar nan fa a yi maganarta. An ce bazara ce, rana na haske, sai na sa kaftani da 'yar suwaita da hula zanna. Iskar da ke tasowa daga Tekun Arewa ba ta san bazara ba. Na yi hunturu a Jos, na yi a Kafancan, ban taɓa jin wanda ya shiga haƙorina haka ba. A bakin rairayin Titchwell ta fizge hular ta yi cikin fadama da ita, tana can har yau. Jagorar ta ciro wata hular ulu mai tuntu daga jakarta ta ba ni, da ita nake a duk hotunan da Ummi ta tura wa 'yan uwa, abin da ya ƙara wa 'yan majalisa abin faɗa.

Da la'asar aka kai mu Morston don shiga kwalekwale mai inji zuwa Blakeney Point, wani dogon harshen tsakuwa da rairayi da ya miƙa cikin teku. A nan na ga jadawalin da ya fi na jirgin ƙasa tsanani: mashigin ruwan taɓo ne zalla in teku ta janye, sai ta cika jirgi ke iya fita, don haka lokacin tashi kullum canzawa yake. Sai da muka iso bakin ruwa aka gaya mana kuɗin jirgi daban ne. A tallan an rubuta ganin dabbobin cikin abin da za a yi, ba a ce za a sake sa hannu a aljihu ba sai a wasu ƙananan haruffa can ƙasa. Ummi ta biya tana ƙunƙuni.

Amma dabbobin sun cancanci gani. Suna kiran su sil. Wanda ya taɓa jin labarin ayu a Binuwai ya kwatanta da shi, sai dai wannan kansa kamar na kare ne marar kunne, da gashin baki da manyan idanu baƙaƙe. Sun kwanta birjik a kan rairayi kamar buhunan gero da aka sauke daga tirela, wani ya ɗaga kai da jela lokaci guda ya lanƙwashe, wani na soshe ciki da hannunsa mai kama da filafili. Ɗaya ya ɓullo dab da jirgin, kusa har ina jin hucinsa, ya ƙura mini ido, ya yi atishawa, ya nutse. Warin wurin kamar kasuwar kifi da rana tsaka. Mai jirgin ya ce daga Nuwamba zuwa Janairu ake haihuwar dubban jarirai farare a nan, babu inda ya kai shi a Ingila, kuma a lokacin ne dubban dinyoyin daji ke zuwa daga Aisilan. Jagorar ta ce lallai in dawo a Disamba. Na ce mata in Mayu haka take, a gai da Disamba.

Zangon ƙarshe shi ne Cley, wanda ake furtawa Kilai, fadamar da wani likita da abokansa suka saya a 1926 don a bar wa tsuntsaye, kuma har yau ana yankan ciyawarta a yi jinkar gidaje. An ce nan ne uwa ma ba da mama a harkar. Minti arba'in muka samu. Muna zama a ɗakin leƙe mijin ya fara duba agogo. Lattin safe ke nan ya biyo mu.

Madubin hangen nesa da suka ara mini tsoho ne, idon hagu da hazo a ciki, sai da na yi rabin yini ina kanne ido ɗaya kafin na yi magana aka canza mini. Duba naka tun a mota. Mai lamba 8x42 aka ce ya fi dacewa da mai koyo, ba nauyi, ba ya rawa a hannu, kuma irinsa Ummi ta saya mini kafin in taho.

Ko zan ce a je? In kana da lafiyar tafiyar kilomita uku zuwa huɗu a hankali, kuma kana iya yin shiru na rabin awa, je ka. Wanda yaransa ke da mota zai iya zuwa wuraren nan da kansa a kuɗi kaɗan, amma zai wuce ciyawa ne kawai yana jin iska, don ni da kaina da na wuce tela mai keken nan ban san yana wurin ba. Kunnen matar nan ake biya. Ka tambaya a rubuce ko kuɗin jirgi na ciki, ka tafi da abincinka, ka sa rigar sanyi biyu da hular da ke kama kai. Da a ce mijin zai riƙa karanta takarda yana duba agogo tun da safe maimakon da yamma, da ban rage musu komai ba.

Na dawo Kaduna damina ta kankama. Asabar biyu na je bakin kogi ta wajen Gamji da madubin, na zauna a kan dutse. Na ƙirga iri goma sha ɗaya, na san sunan shida: balbela, zalɓe, hankaka, kurciya, shirwa, da ragon maza da ke ta buga kukansa a cikin ciyawa. Sauran biyar na tambayi wani mai wankin yashi, ya san uku. Balbelun kuma na bi su da ido har magariba na ga bishiyar da suke kwana, na sa Ummi ta aika wa jagorar nan ta Norfolk labarin.

Asabar ta uku ban je ba. Shugaban masu yi mini tsiya a majalisa, wanda ke kiwon tantabaru a saman soronsa, ya ari madubin wai zai duba inda wasu biyu nasa ke sauka in sun tashi. Yau kwana tara. Jiya na aika jikana, ya dawo ya ce Alhaji na kan soro, ya ce a gaya mini gobe.